Gwajin Yawan Kotisol a Jiki: Tambayoyi da Amsoshi Don Mutanen Zamfara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin marasa lafiya da masu jinyarsu idan likita ya ce yana zargin ciwon Cushing, wato taruwar sinadarin kotisol a jiki fiye da kima. An tattaro su ne don mutanen Gusau, Ƙauran Namoda, Talata Mafara, Gummi da kewaye, waɗanda binciken kan haɗa musu da tafiya Sakkwato ko Zariya. Gwajin na da ƙa'idoji, kuma saɓa ɗaya daga cikinsu ya isa ya sa kuɗin mota da na asibiti su tafi a banza.

Mene ne kotisol, kuma me yawansa ke yi wa mutum?

Sinadari ne da wasu 'yan gaɓoɓi biyu ke samarwa, kowacce a zaune bisa ƙoda ɗaya; likitoci na kiransu adirinal. Ba su aiki da ra'ayin kansu. Umarni na zuwa musu ne daga fituwitari, wata 'yar gaɓa a ƙasan ƙwaƙwalwa, ta hanyar wani sinadarin da ake kira ACTH. Kotisol ne ke riƙe ƙarfin bugun jini da yawan suga, shi ke tallafa wa jiki lokacin zazzaɓi, rauni ko firgita. Babu mai rayuwa ba shi. Amma idan ya yi watanni yana sama, sai ya riƙa cin tsoka da ƙashi da fata, ya tara kitse a fuska, ciki da ƙeya, ya kawo hawan jini da ciwon suga. Sunan ciwon ya samo asali ne daga Harvey Cushing, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, wanda ya bayyana alamominsa a 1912, sannan a 1932 ya danganta shi da ƙari a fituwitari.

Likita, ina da ƙiba da hawan jini. Ya kamata a gwada ni?

Ba lalle ba. Masu ƙiba da hawan jini sun cika gari, alhali irin ciwon Cushing da jiki ke haifarwa da kansa ba ya wuce mutum 2 ko 3 a cikin miliyan a shekara. Abin da ke sa likita ya tsaya ya sake duba mutum shi ne haɗuwar wasu alamomi da ƙiba kaɗai ba ta kawo su. Ciki da fuska na cika, amma hannuwa da cinyoyi na ramewa. Mace ta durƙusa wajen murhu, tashi ya gagara sai ta dafa bango ko gwiwa. Fata ta yi laushi, ɗan bugu kaɗan jini ya kwanta. Nanƙarwa mai faɗi, fiye da santimita 1, a ciki, cinya ko hammata, ba irin sirarar nan da haihuwa ke bari ba. A littattafai ana cewa launinta ja ne mai duhu, amma a baƙar fata launin ba ya fita sosai, don haka faɗinta da lotsawarta ake dubawa.

Haka nan matashi ɗan shekara 25 mai hawan jinin da ya ƙi jin magani, ko wadda ƙashin bayanta ya tsage ba faɗuwa ba haɗari. Rikicewar al'ada da tsirowar gashi a haɓa na iya biyowa, sai dai su kaɗai ba hujja ba ne, domin wasu cutukan mata na kawo su. Mata sun fi maza kamuwa.

Idan kina da tsofaffin hotuna a waya, na biki ko na sallar shekarun baya, ki nuna wa likita. Canjin fuska a shekara biyu ko uku ya fi bayanin baki.

Na je da ƙorafina, shi kuwa sai tambayata yake me nake sha, me nake shafawa. Me ya kawo wannan?

Wannan tambayar ita ce gwajin farko, kuma a wurinmu ta fi duk sauran muhimmanci. Mafi yawan masu alamomin Cushing ba ƙari gare su ba. Magani ne mai sitiroid ya shiga jikinsu ya yi aikin kotisol. Dekzametason, wanda ake ce wa dekza a kemis, da firedinisolon, da betametason, da kulobetasol duk 'yan gida ɗaya ne.

Hanyoyin shigarsu sun fi yadda ake zato. Akwai ƙwayoyin ƙiba, irin su "sha ka fashe", da ake haɗa wa amare kafin biki. Akwai man bilicin, musamman haɗin da ake sayarwa cikin roba ba suna ba takarda. Akwai 'yan ƙwayoyi huɗu ko biyar da ake ƙulla wa mai ciwon jiki a leda, cikinsu da wata 'yar fara ƙarama da ba a gaya masa sunanta. Akwai allurar ciwon gwiwa da ta asma da wasu ke maimaitawa duk wata ba tare da sanin likita ba. Har wasu garin magani da ake cewa na gargajiya ne don sanyin ƙashi akan cakuɗa su da dakakkiyar ƙwaya, shi ya sa suke aiki cikin kwana ɗaya. Kuma man ƙaiƙayi da ake shafa wa jariri a ƙasan kunzugu na ratsa fatarsa fiye da ta babba.

Da yawa kan ɓoye, musamman idan miji ko uwar miji na zaune a ɗakin. Kina da damar cewa kina son ganin likita ke kaɗai. Abin da ya fi shi ne a zuba komai a jaka a zo da shi: kwali, roba, bututun mai, har ledar da ta ƙare. A ganina duk likitan da ya tura mutum gwajin dubban nairori bai leƙa wannan jakar ba, ya yi gaggawa. Idan aka gano sitiroid ne, gwaje-gwajen da ke ƙasa ba su da amfani a lokacin. Mai shan dekza ma idan aka auna kotisol ɗinsa ƙasa za a same shi, domin adirinal ɗinsa sun daina aiki, na'urar kuma ba ta ƙirga dekza. Firedinisolon kuwa yakan ruɗi wasu na'urori su ƙirga shi a matsayin kotisol.

To tunda maganin ne, in watsar da shi yau?

A'a, kada ki kuskura. Wanda ya yi makonni yana sha, adirinal ɗinsa sun yi barci, kuma farkawarsu na iya ɗaukar watanni. Yankewa lokaci ɗaya na jawo kasala mai tsanani, amai, jiri da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai. Likita ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa sannu a hankali.

Me ya hana a ɗebi jini sau ɗaya a auna, a huta?

Domin kotisol ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana hawa da asuba, ya kai ƙololuwa da sassafe, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Tsoron allura ko wahalar hanya ma na ɗaga shi. Mai lafiya na iya nuna adadi mai yawa da ƙarfe 8 na safe, mai ciwon kuma ya nuna daidai. Saboda haka kotisol ɗin da aka auna haka kawai da rana ba ya tabbatar da komai, ba ya kuma kore komai. Gwaje-gwajen farko da aka amince da su uku ne, kamar yadda ƙungiyar likitocin homon (sinadaran jiki irin su kotisol) ta Amurka ta tsara a 2008: na ƙwayar dekza da dare, na fitsarin awa 24, da na yawun tsakar dare.

Yaya gwajin ƙwayar dare yake? Ba dekzan da kuka hana ba ne?

Shi ne, amma miligiram 1 kacal, sau ɗaya. Ana haɗiye shi tsakanin ƙarfe 11 da 12 na dare, a ɗebi jini washegari tsakanin 8 da 9 na safe. Hikimar ita ce, fituwitari mai lafiya idan ta ji sitiroid ya wadata a jini sai ta janye umarninta, kotisol ya faɗi. Ƙari ba ya jin wannan magana. Idan sakamakon safe ya sauka ƙasa da 1.8 a ma'aunin µg/dL, ko 50 a ma'aunin nmol/L, jiki ya amsa yadda ya kamata. A lura da ma'aunin da aka rubuta a takarda, don lambobin biyu abu ɗaya suke nufi.

Wannan ne ya fi sauƙin yi a wurinmu, amma lokaci ne ransa. Wanda ya sha ƙwayar bayan sallar isha don kada barci ya ɗauke shi, ya ɓata gwajin. Wanda ya taso daga Anka ko Shinkafi da safe ya iso da hantsi ya bi layi, shi ma haka. Gara a kwana a garin da za a ɗebi jinin, a saita ƙararrawar waya. Akwai wani salon na kwana biyu, rabin miligiram duk awa 6, da likita kan zaɓa idan na farko bai fayyace ba.

Na fitsari fa? An ba ni jarka an ce in cika.

Ba cikawa ake nema ba, tattara duk fitsarin awa 24 ake so, ko ya yi yawa ko kaɗan. Ga yadda ake yi. Ka tashi da asuba, misali ƙarfe 6, ka yi fitsarin farko a bayan gida, wannan ba a tara shi. Ka rubuta lokacin a jikin jarkar. Daga nan duk wanda ya zo, dare da rana, cikin jarka. Washegari ƙarfe 6 ka yi na ƙarshe, shi kuma a ciki. Idan za ka yi bayan gida, fara tare fitsarin tukuna, don a nan aka fi asararsa. Mata su tanadi wata roba mai faɗin baki, mai tsabta, su riƙa juyewa.

A ajiye jarkar a wuri mai sanyi. Inda ba wuta, kula mai ƙanƙara a ciki ta wadatar, ko a sa ta cikin bokitin ruwan randa a inuwa. Mutane kan ƙyamaci ajiye najasa a ɗaki, abin fahimta ne. A rufe ta gam, a sa a leda, a ajiye a wani lungu nesa da abinci da wurin salla. A zaɓi ranar zaman gida, ba ranar kasuwa ko gona ba. Idan an manta sau ɗaya, a faɗa a sake. Kada a cika da ruwa, kada kuma a yi shiru. A ɗakin gwaji suna auna yawan fitsarin da wani sinadari don gane ko an tara duka.

Ana so a yi aƙalla sau biyu, domin kotisol na bambanta daga rana zuwa rana. Shan ruwa fiye da lita 5 a yini na ɗaga sakamakon ba gaira ba dalili, abin lura a watannin zafi. Mai ciwon ƙoda kuma nasa na fitowa ƙasa ko da yana da ciwon, don haka ba a dogara da wannan gwajin a kansa.

Na yawu ya fi sauƙi ke nan?

Ga majiyyaci, ƙwarai. Ana tauna wata 'yar auduga ta musamman tsakanin 11 da 12 na dare, a mayar cikin bututunta, a yi haka dare biyu. Yawun ba ya saurin lalacewa, ana iya aika shi wani gari. Abin da ake dubawa shi ne ko kotisol ya sauka da dare, domin rashin saukarsa na cikin alamun farko na ciwon. Kada a yi asuwaki ko buroshi gab da lokacin saboda jinin dasashi, kada a sha taba, kuma a wanke hannu idan an taɓa man shafawa. Bai dace da mai aikin dare ba, kamar maigadi, ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti ko direban da ke tafiyar dare, tunda agogon jikinsu ya juya. Ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba, a tambaya kafin a biya.

Akwai magungunan da ke ɓata sakamako?

Akwai, kuma wasunsu ruwan dare ne a gidajenmu. Rifamfisin na maganin tarin fuka, da magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin, kabamazefin da fenobabiton, suna sa hanta ta narkar da dekza da wuri, sai mai lafiya ya fito kamar mai ciwo. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu istirojin, wani sinadarin mata, na ƙara abin da ke ɗauke da kotisol a jini, adadin ya hau. Akan dakatar da su mako 6 kafin gwajin jini, a koma wata hanyar tazarar, ko a zaɓi gwajin fitsari. Wasu magungunan ƙanjamau masu ritonabir kuwa suna hana jiki narkar da sitiroid, har na shaƙa don asma ya iya haifar da ciwon. Ba a dakatar da maganin tarin fuka, farfaɗiya ko ƙanjamau saboda gwaji. Gwajin ake canzawa.

Ina da juna biyu. Wata kuma ta ce za a iya yi da azumi?

Ciki da kansa na ɗaga kotisol, don haka ba a amfani da gwajin ƙwayar dare. Na fitsari ake yi, a fassara shi da ma'aunin masu ciki. Azumi kuwa na sauya lokacin barci da na shan ruwa, balle goman ƙarshe da ake kwana tahajjud. Idan ba gaggawa, a bari sai bayan salla barci ya koma daidai. Idan jiki ya yi tsanani, ba a jira.

Sakamako ya fito sama. Shi ke nan ina da ciwon?

Tukuna. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an ƙara da wani daban ya goyi bayansa. Akwai yanayin da ke ɗaga kotisol ba tare da ƙari ba: ciwon damuwa mai tsanani, shan giya, sugan da ya ƙi saituwa, ƙiba mai yawa, rashin lafiyar da ta kwantar da mutum. Wanda aka kwantar da zazzaɓi mai zafi ba lokacin gwada shi ba ne. Wanda ke kwana cikin fargaba, kamar yadda da yawa daga mutanen ƙauyukanmu ke yi a 'yan shekarun nan, ya gaya wa likita halin da barcinsa ke ciki. Yawanci irin wannan hawan kaɗan ne, kuma yana sauka idan sanadin ya gushe.

Me zai hana a yi mini hoton kai tun farko? Ina da kuɗin.

Domin hoto na iya ɓatar da kai. Kusan mutum 1 cikin 10 masu ƙoshin lafiya na da ɗan tsiro a fituwitari wanda ba ya yin komai, kuma ana tsintar irinsa a adirinal, musamman ga manya. Idan aka fara da hoto aka ga irin wannan, sai a ɗora masa laifi, wataƙila har a yi tiyatar da ba ta da dalili. A ɗaya ɓangaren, ƙarin da ke kawo Cushing sau da yawa bai kai santimita 1 ba, har hoton kai na MRI kan kasa ganinsa a wajen kashi 40 cikin 100 na masu shi. Hoto mai kyau bai wanke ka ba, hoto mai tabo bai kama ka ba. Sai jini ya nuna inda za a duba tukuna.

Idan an tabbatar, yaya ake gano tushen?

Ana auna ACTH da safe. Idan ya yi ƙasa sosai, ƙasa da 10 a ma'aunin pg/mL, adirinal ce ke aiki da gaban kanta, sai a yi mata hoton CT. Idan ya haura 20, umarni ne ke zuwa da yawa, kuma galibi daga fituwitari, wadda ke da kusan kashi 70 cikin 100 na masu ciwon da jiki ke haifarwa da kansa. Nan ne MRI ke shigowa. Kaɗan kuma ACTH ɗinsu na fitowa ne daga ƙari a wani wuri, yawanci huhu. Su ciwon kan zo musu da sauri, da kasala mai tsanani da faɗuwar sinadarin fotashiyam, sai a yi hoton ƙirji da ciki.

Jinin ACTH na da saurin lalacewa. Ana zuba shi a kwalba ta musamman, a sa cikin ƙanƙara nan take, a tace shi da wuri a daskarar. Jinin da aka ɗiba a Gusau aka ba direba ya kai Kano a aljihun mota zai nuna ACTH ƙasa, a zargi adirinal alhali ba ruwanta. Ka tambayi ɗakin gwajin yadda suke aikawa. Idan amsar ba ta gamsar ba, ka je a ɗiba inda ake aunawa.

Idan hoto bai nuna komai ba, ko tsiron ya yi ƙanƙanta, akwai gwajin dekza mai yawa, miligiram 8, wanda ke ba da haske amma yana kuskure. Mafi inganci shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa jijiyoyin da ke kwaso jini daga fituwitari, a kwatanta ACTH ɗin can da na hannu. Idan na can ya ninka sau 2, ko sau 3 bayan allurar da ke zaburar da fituwitari, tushen na nan. Aiki ne na ƙwararru, a cibiyoyi ƙalilan ake yinsa.

Daga ina zan fara a nan Zamfara?

Daga sashen cutukan manya na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. A nan za a duba jini da suga, a bi tarihin magunguna, a tsara gwajin farko. Idan ana bukatar likitan homon, akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Malam Aminu Kano. Kafin ka hau mota, a kira a ji ranar da asibitin ke ganin masu irin wannan ciwon da kuma ko gwajin na samuwa a makon. Ka riƙe takardar turawa da ainihin takardun sakamako, ba abin da aka gaya maka da baki ba. Idan da hali a maimaita gwaji a wuri ɗaya, tunda kowane ɗakin gwaji da na'urarsa da iyakar lambobinsa.

Yarona ya yi ƙiba sosai, ko shi ne?

A auna tsawonsa. Yaron da abinci ya sa wa ƙiba yakan yi tsawo daidai ko fiye da sa'o'insa. Mai yawan kotisol nauyi na ƙaruwa, tsawo ya tsaya. A ƙananan yara, a fara bincika man shafawa da ruwan maganin da ake ba su don su ci abinci.

Duk gwaje-gwajen sun fito daidai, amma jikina bai daina canzawa ba.

Idan gwaji biyu daban-daban sun fito daidai kuma an yi su bisa ƙa'ida, da wuya ciwon ne, sai a nemi wani sanadin. Amma akwai nau'in da ke zuwa yana tafiya, kotisol ya hau na makonni ya sauka, a gwada mutum a lokacin da ya lafa. Idan alamomin na ƙaruwa, akan sake gwaji bayan wata 6, ko a lokacin da kumburin fuska da kasalar suka dawo, kuma na yawu ko na fitsari ne suka fi dacewa da wannan bibiyar. Kafin nan a ci gaba da maganin hawan jini da na suga, a riƙa rubuta nauyi da awon jini a littafi ɗaya duk wata, a zo da shi ranar komawa asibiti.